Kwalekwalen Faiba Mai Faci

Kawu Sale ya durƙusa a bakin dam yana ƙwanƙwasa jikin kwalekwale da bayan yatsa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana.

Mutanen ƙauyenmu ne suka aiko mu. Tun da hanyar daji ta daina biyuwa, rafi muke tsallakawa zuwa kasuwa da asibiti, kwalekwalenmu na katako kuma ya ruɓe. Sai muka ji wani masunci zai sayar da na faiba, irin mai kama da roba mai tauri, guda biyu, na hannu.

Ɗaya ya sha sabon fenti shuɗi, sai ƙyalli yake, ni shi na so. Ɗayan ya koɗe, ga ƙaton faci a gefe.

Da Kawu ya bugi ƙasan mai fentin, sai ƙarar ta fito a dushe. Ya danna da babban yatsa, wurin ya lotsa.

Ya ce, "Malam, me ke ƙarƙashin fentin nan?"

Masuncin ya ce, "Wallahi Baba, haka na saye shi, ban sani ba. Wancan kuwa ni na fasa shi a dutse, ni na face shi da hannuna."

Kawu ya kwantar da mai facin, ya hau kan facin da duk nauyinsa, ko motsi bai yi ba.

"Wannan za mu ɗauka," in ji shi. "Mata da yara za su shiga. Gara ciwon da na san inda yake."

Damina ta zo ta wuce, kwalekwalen ko yoyo bai yi ba.

Da ku aka aika, wanne za ku kawo wa mutanenku?