Buhun Gyaɗa daga Dogo

Ranar da aka rantsar da ɗan farina shugaban alƙalan babbar kotu a Yamai, gidanmu na unguwar Birni ya cika da guɗa. Ni kuwa da na ga a tele ya ɗora hannu kan Alƙur'ani, sai na tsorata. Ban yi makarantar lakwal ba, ƙanwarsa ce ta juya mini maganar da Hausa: ba zai ci abin kowa ba, ba zai dubi fuskar kowa ba. A garin nan mun ga abin da rantsuwa take yi wa mutum. Mun ga wanda ta shanye wa hannu.

Da kaka ta yi, wata mata daga garin Dogo ta yi sallama da buhun gyaɗa. Ta ce kakanninmu sun yi iyakar gona, gaisuwa ta kawo. Ba a mayar wa mai gaisuwa abin hannunsa. Na karɓa, na sa albarka. Na soya, na matse mai, na yi ƙuli-ƙuli mai yaji, na bai wa direba ya kai wa ɗana.

Bayan sati biyu matar ta dawo, ta gyara zama ta ce, "Hajiya, shari'ar gonarmu ta kai hannun ɗanki. Kalmar uwa ɗaya ta isa."

Nan na gane buhun nan ba na gaisuwa ba ne.

Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, saƙona ma ta bakin ƙanwarsa yake bi. Amma wannan ba maganar aike ba ce. Na sa ta buga masa waya, na karɓa.

"Kai, ƙuli-ƙulin nan, ka ci?"

Ya yi dariya. "Inna, jikokinki ma ba su ga ƙurarsa ba."

Na gaya masa komai. Ya tambayi sunan matar, ya ce gobe zai cire hannunsa daga shari'ar, ya faɗa wa abokan aikinsa dalili.

"Rantsuwar fa?"

"Allah ya san ban sani ba, Inna."

Haka ya ce. Ni dai na auni gyaɗa a kasuwa na mayar Dogo, na yi azumi uku, zuciyata ba ta kwanta ba. Tun daga ranar, duk mai shigo mini da ƙwarya sai na tsayar da shi a zaure na tambaya ko yana da shari'a. Har aminiyata ta shekara arba'in na tambaya. Ta ɗauki ƙwanta na zabi ta juya, ba ta sake tako gidan ba.