Turmin Rauda

Munzali jikan yayata ne, ni na yanke masa cibiya a ƙauyenmu, gabas da Zango. Tun yana rarrafe yake tura murfin kwano yana kukan mota da baki. Da ya girma ya yi yaron mota, ya yi direba, har Allah ya ba shi tsohuwar a-kori-kura tasa ta kansa, yana ɗaukar gero da gyaɗa zuwa kasuwa. Amarya yake kirana don tsokana, ni kuma in ce masa angon banza, mai warin baƙin mai.

Tsakaninmu da kwalta akwai wani kwari mai yashi. Daminar bara naƙuda ta tsananta wa matarsa Rauda, ta fi ƙarfin hannuna, ya ɗauke mu sai asibitin Daura. A kwarin nan motar ta kafe, cikinta ya zauna daɓas a yashi, tayoyi suna ta juyawa a banza. Kafin a haƙo mu ɗan ya mutu a ciki. Daga ranar Munzali ya daina kirana amarya.

Da Rauda ta sake samun ciki, watan haihuwa kuma zai faɗo tsakiyar damina, sai ya ce zai ɗaga motar ta yi tsawo yadda yashi ba zai taɓa cikinta ba. Makanikin Daura ya ce a bari sai bayan Sallah. Munzali bai iya jira ba. Ya sayo ƙarin sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota, da dogayen kusoshi, ya ce a ƙofar gida zai yi abinsa.

Jak ɗaya gare shi. In ya ɗaga gefe, sai ya nemi abin tokarewa. Nan ya bi gidaje yana aron turame. Ya kife nawa a ƙarƙashin gefe ɗaya, ya kife na Rauda a ɗayan.

Na ce, "Kai, turmin matarka na kayan gara ne. Don ado aka sassaƙa shi. In tana daka har gidana nake jin yana amo kamar tsohuwar ganga."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Amarya, kishi kike. Turmin da ya sha taɓarya ba zai riƙe ƙarfe ba?"

"Taɓarya daga ciki take dukansa, angon banza. Kai ta baya ka ɗora masa."

Ya ce to, zai canza shi in ya gama ɗaure wannan kusar. Ya shige ƙarƙashi.

Ina tankaɗe na ji ƙarar, kamar an fasa ƙwarya. Nawa na itacen kirya yana nan tsaye. Na Rauda ya dare biyu.

Maza suka cicciɓi motar suka jawo shi, yana numfashi, ƙirji ya lotsa. Babu wata mota a garin. A amalanken shanun Kabo maƙwabcinmu aka shimfiɗa shi, kansa a cinyata. Muka zo kwarin, shanun suka ratsa shi ko tsayawa ba su yi ba. Ya buɗe ido ya tambaye ni, "Mun wuce?" Na ce mun wuce. Bai kai kwalta ba.

Rauda ta haihu tana cikin takaba, a ɗakinta, a hannuna, da hantsi. Ko ruwan zafi bai gama tafasa ba yaron ya faɗo. Aka mayar masa da sunan uban.

Motar tana nan a ƙofar gida, gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa, kaji suna ƙwai a inuwarta. Turmina har yau yana ƙarƙashi. An ce in aiko a ciro mini, na ce a bar shi. Inji nake kai niƙa yanzu, ni da Rauda.