Malam, Wa Zai Ƙarasa Awon Zafin Ƙurar?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan jiya, babban ɗanka ya kira ni ya ce zuciyarka ta tsaya. Ina ɗakin gwaji a lokacin, na kunna na'ura ina jiranka.

Malam, har yau ban dawo daidai ba.

Shekara da shekaru kana bin tambaya guda. A cikin tukunyar gilashi muke sakar wa iskar gas lantarki har ta yi haske, abin da ake kira filasma, sai mu zuba ƙwayoyin ƙura su tsaya cak a tsakiya kamar an rataye su. Yaya zafin kowace ƙwaya yake? Duk ma'aunin da ya taɓa su sai ya tarwatsa su. Kai ka koya mini rina su da sinadarin da haskensa ke sauyawa da zafi, mu karanta daga bayan gilashi.

Mama, maiɗakinka, takan ce, "Kowa share ƙura yake yi, kai kiwonta kake."

Kai kuma ka ce, "Ai ba ta cin dusa."

Da na haihu na ce zan ajiye digirin da nake yi a ƙarƙashinka, ba ka yi mini wa'azi ba. Ka karɓi jaririn, ka yi ta zagaya baranda da shi a kafaɗa har na gama saita hasken. Ya yi maka tumbuɗi a riga, a haka ka shiga aji.

Ana gab da rasuwarka awo ya nuna ƙurar ta fi lissafinmu zafi nesa ba kusa ba. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "'Yata, na hango wani abu, amma bari in tabbatar tukuna." Ba ka kai ga faɗa ba. Na maimaita awon har idanuna suka yi ja, amsar ba ta sauya ba, ni kuma ban gane ba. Yanzu an ce za a rufe ɗakin a ƙarshen zangon karatu tunda babu jagora. Ofis-ofis nake bi ina roƙo, kowa sai ya ce in yi haƙuri. Nakan juya in tambaye ka, sai in ga kujera.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mama, 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka nuna mini abin da Malam ya hango kafin a sa wa ƙofar nan kwaɗo.