Malamin da Ya Ba Matata Kabarinsa

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Janairu, 1772, labari ya iske mu a layin masu littattafai na Napoli cewa Don Saverio Capasso ya riga mu gidan gaskiya.

Don Saverio, ni ne Aniello, wanda ya jera haruffan ɗab'in littafinka a kan yadda al'ummai ke tasowa, su bunƙasa, su rushe, su sake miƙewa. Ka gasa mini aya a hannu da gyare-gyare, har na rantse na daina karɓar aikin malamai. Littafin kuma bai yi kasuwa ba. Da na gaya maka na ga masu suyar kifi suna ƙunshi da shafukansa, dariya ka yi, ka ce ko ba komai ya shiga gidajen mutane.

A ciki ka ce abu uku suka raba mu da namun daji: bauta, aure, da binne mamaci. Na ɗauka zancen malamai ne kawai.

Sai shekarar yunwa ta zo, zazzaɓi ya ɗauke matata Fortunata. Ba mu cikin kowace ƙungiyar jana'iza, kuma irinmu ramin gayya ake jefawa, ba suna ba alama. Amalanken gawa na hanya ka shigo kana haki, ka ce ka bar mata gurbin kabarinka a ƙarƙashin cocin ƙungiyarku. Na ƙi.

"Kai dai kunnen ƙashi gare ka, Aniello. Da hannunka ka jera maganar nan, ashe ba ka karanta ba? Ɗauko ta mu tafi."

"Kai fa, Malam?"

"Ka ga na yi kama da gawa?"

Da ka cika, shugabannin ƙungiyar suka ce gurbi ɗaya gare ka, kuma da mutum a ciki. Ba a tayar da ƙashin mamaci sai da hannun danginsa. Na sauka da kaina, na kwashe ƙasusuwan Fortunata, na goge su, na naɗe a farin zane, na ɗora kan kantar da ake ajiye ƙasusuwan magabata. Na yi kuka, amma na godiya ne. Ta riƙe maka wurin da amana, Malam, ga shi mun mayar.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Donna Carmela, ƙanwarsa, Allah ya ba ki haƙuri, mu ma ya ba mu.