Barira Mai Tuwon Magama da Kwana Arba'in na Kame Baki

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Barira a shekarar 1916 a ƙauyen Mazanya ta ƙasar Jibiya. Mahaifinta shi ne Malam Ummaru, manomi, mahaifiyarta kuwa Salmatu mai daddawa. Ta shiga makarantar allo tana da shekara shida, ta kai izifi goma, kuma tun a wannan zamani malaminta ya shaida cewa Allah ya hore mata fasahar harshe, sai dai fasahar ta fi bayyana a lokacin faɗa.

Aure da Sana'a

A 1933 ta auri Ɗantala, mai sana'ar saro itace da jakuna, suka tare a Magama, bakin iyaka. A 1948 ta kafa rumfar tuwo daura da shingen kwastan. Cikin ƙanƙanin lokaci ta shahara a wajen direbobi da fataken Maraɗi saboda abu biyu: daɗin miyarta da zafin bakinta. Ba a taɓa jin wanda ya ci tuwonta ya tashi ba tare da ta gaya masa aibinsa ba. Ɗantala ya rasu a 1969, ta ci gaba da riƙe jakunan, domin manyan tukwanenta takwas ba su kwana da sanyi.

Fari da Abin da Ya Biyo Baya

Bayan farin 1973, Barira ta tafi Mazanya duba gonar gado, ta kasa gane wurin, saboda rairayi ya binne kunyoyi, gawon da ke nuna iyakar gonar kuma babu shi. Ta gyara ɗamara ta tambayi wane mara mutunci ne ya sare shi. Wani dattijo ya ce mata, "Ai jakunanki sunka kwashe shi bara waccan." Wannan ne karo na farko a tarihinta da ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Da ta koma gida da niyyar dasa madadin itatuwan da aka sare, ta nemi Malam Iliya, malamin daji, wanda ya sanar da ita cewa dashen bedi, wato dalbejiya, da gawo kyauta ne, amma sai an haƙa rijiya an kuma kewaye fili da waya, in ba haka ba awaki za a yi wa walima. Ta yi yawon neman gudummawa wata biyu ba ta samu komai ba, domin babu gidan da ba ta taɓa ɓata wa mai shi rai ba.

Alkawarin Kame Baki

A farkon 1975, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika aljihun ma'aikata, Barira ta hau turmi a tasha ta yi shelar cewa za ta yi kwana arba'in ba ta yi wa kowa faɗa ba, muddin jama'a za su biya kuɗin rijiya da waya. Nan take aka yi rububin alkawari, da naira da sefa, kasancewar kowa ya haƙƙaƙe ba za ta kai azahar ba. Wanda ya fi kowa cika baki shi ne Manu direban gingimari, wanda ya ɗauki nauyin wayar baki ɗaya.

Da aka cinye mako guda lafiya, hankalin masu alkawari ya tashi. Manu ya riƙa zuwa sau uku a yini. Ya ce miya ba gishiri. Ya wanke hannu a randar sha. Ya yaba tuwon wata mata a garin Ɗan Isa da babbar murya. Barira ta riƙa cizon bakin gyalenta, kuma an tabbatar da cewa gyale uku ta cinye a wannan wa'adi.

A rana ta talatin da tara, akuyar Manu ta shiga bayan rumfa ta cinye dashe sittin da Malam Iliya ya kawo ajiya. Mutanen tasha suka taru kallo. Barira ta kamo akuyar, ta kawo ta gaban mai ita, ta ce, "Manu, ga ɗiyarka. Allah shi yi maku albarka, kai da ita." Manu ya kasa cin abinci yinin nan, washegari ya kawo wayar, ya ƙara da siminti. Ya shaida wa abokansa cewa, "Wallahi da wagga albarka gara ta zage ni."

A rana ta arba'in da ɗaya, Barira ta fara jawabi da hantsi, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin laifinsu, ba ta sauka ba sai la'asar. An ruwaito cewa jandarmomin tsallaken iyaka sun aiko tambaya ko lafiya.

Tattaki zuwa Maraɗi

An dasa itatuwa ɗari huɗu a gefen Magama a daminar 1975, sama da rabi suka kama. A 1977, domin haƙa rijiya ta biyu, ta yi tattaki a ƙasa zuwa Maraɗi tana da shekara sittin da ɗaya, ɗauke da dashen gawo a ka, ta isa a kwana uku. Attajiran garin sun ba da taimako mai tsoka, tare da motar da za ta mayar da ita gida a ranar. Daga nan ta rage tukwanenta zuwa uku, ta sayar da jakunan, ta mayar da zamanta bakin dashe, inda ta tsare shi da baki fiye da yadda waya ta tsare shi.

Rasuwa

Barira ta rasu ranar wata Laraba cikin watan Nuwamba 1979, bayan jinyar kwana tara. An yi mata salla a Magama, da halartar jama'a daga ƙasashen biyu. Da aka zo rufe kabari sai aka tarar itace bai isa ba, alhali ga dashenta nan kusa da maƙabarta ya yi rassa. Liman ya ba da izinin a saro, aka miƙa gatari daga hannu zuwa hannu har ya zagaye sahu, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa dashenta. A ƙarshe Manu ya tayar da gingimari ya sayo itace daga garin Gangara, aka jira shi awa biyu a rana.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Ya'u, Aishatu, Fatimatu da Rabi'a, da jikoki goma sha tara. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.