Umma, Ki Kalle Ni

Wata rana, cikin hutun ƙaramar Sallah, yarana suka matsa sai na kai su wurin wasan nan mai ruwa da ke bayan gari.

Na kai su.

Wuri ya cika, ba masaka tsinke. Layin tikiti daban, layin hawa daban. Ga ihun yara, ga kiɗa a lasifika, ga rana kamar ta fasa kai.

Ni ba shiga ruwa nake ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, na zama mai gadin takalma da jakunkuna, carbina a hannu.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa da matar ɗanta, da yara uku.

Babbar yarinyar ba za ta wuce shekara tara ba. Barira na ji tsohuwar tana kiranta. Uwar kuwa "ke" kawai take ce mata.

A wurin akwai wani dogon abin zamiya mai kama da indararo. Yaro zai hau matakala har can sama, ya zauna, ruwa ya kwaso shi ya watso cikin tafki. Manyan yara ma wasu sai sun kai sama su juyo da kuka.

Barira ta bi layi, ta hau.

Da ta kai ƙarshen matakala ta ɗaga hannu biyu.

"Umma! Umma, ki kalle ni!"

Uwar ta sunkuyar da kai, ta hau gyara wa autanta riga.

Yarinya ta sulalo, ta faɗa ruwa, ta fito tana tari tana dariya. Idonta na kan rumfarmu.

Ba wanda ya ɗago.

Ƙannenta biyu kuwa suna can inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ko fantsama suka yi, uwar sai ta tafa, ta kira sunansu, ta ɗauke su hoto.

Barira ta koma layi.

Ta sake hawa, ta sake kira. Ta sake, ta sake. Har tafin hannunta ya yamutse, leɓenta ya yi fari, tana rawar sanyi a tsakiyar rana.

Tsohuwar ta ce, "Ƙawata, so kike ki shanye musu ruwan ne? Zo ki ci cincin."

Ta ce, "Sai Umma ta gani."

Tsohuwar ta kwashe da dariya. "Ji min ja'ira! Uwarki 'yar mutunci ce, ta san kunya."

Sai a nan na gane. 'Yar fari ce.

Mu da muka tashi a ciki mun san abin. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. Uwar da ta fi kawar da kai ita ake yabo.

Amma ita yarinyar wa ya yi mata wannan bayani?

Da aka kira La'asar na tafi wurin alwala, sai ga uwar ita kaɗai a bakin famfo. Na yi ta shawara da zuciyata, don ba na son shiga abin da ba ruwana. Daga ƙarshe dai na yi mata sallama.

Na ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan tun ɗazu take kiranki."

Ta ce, "Ina ji, Yaya. Uwar mijina na zaune, ya zan yi? Wallahi duk hawan da ta yi ina sane da shi. Ayatul Kursiyyu nake ja, ba na numfashi sai na ji faɗawarta cikin ruwa."

Na ce, "Ita ta sani?"



Ruwa na ta zuba a hannunta, ta manta da alwalar.

Bayan mun idar da sallah ba ta koma rumfa ba. Ta ɗauki tawul, ta ratsa cikin jama'a, ta je bakin tafkin ta tsaya. Ta ɗaga kai sama, a gaban surukarta, a gaban kowa.

Ni na san abin da wannan tsayuwar ta ci mata.

Barira na kan matakala. Na ce a raina, Alhamdulillahi, yanzu za su haɗa ido.

Ta kai sama.

Ba ta ɗaga hannu ba.

Ba ta kira kowa ba.

Ko gefenmu ba ta duba ba. Ta zauna kawai, ruwa ya tafi da ita.

Uwar ta buɗe baki za ta kira ta. Na ga leɓenta na motsi, amma sunan ya ƙi fitowa. Bakin da bai taɓa faɗa ba, ba a rana ɗaya zai iya ba.

Yarinya ta fita ta ɗaya gefen tafkin, ta zagayo ta bayan mutane, ta zo rumfa ta ɗauki zanenta ta lulluɓa da kanta. Ta zauna a bakin tabarmata, haƙoranta na kaɗawa.

Na matsa kusa da ita. Na ce, "Barira, Ummanki ta kalle ki fa. Ga ta can a tsaye da tawul, ke take jira."

Ba ta waiga ba.

Ta ce, "Mama, kin faɗa ne kawai don in ji daɗi. Ƙannena su Walida take jira."

Ta ce ta gaji, ba za ta ƙara hawa ba.

Jim kaɗan ma'aikatan wurin suka busa usur, aka kashe ruwa. Kowa ya shiga neman takalmin ɗansa.

Na hango su suna fita. Uwar ta goya auta, ta riƙe hannun na tsakiya. Barira na bayansu da jakar jiƙaƙƙun kaya.

Ban san gidansu ba. Ban sake ganinsu ba. Amma ina sa yarinyar nan a addu'a, ita da uwarta.

Darasi:

Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma yaro ba ya jin addu'ar da kike yi masa a zuci. Fuskarki yake gani.

A ɗan abin da Allah Ya sa na karanta, na ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikokinsa a gaban mutane, kuma ba wanda ya kai shi kunya.

'Yar'uwa, in ɗanki ya ce ki kalle shi, ki ɗago tun yana kira. Akwai ranar da zai daina, kuma ba zai sanar da ke ba.

Ki tura wa wata uwa. Wataƙila nata ɗan farin bai gaji da kira ba tukuna.