Maƙerin da Ya Rasa Mai Zuga

Ni dai karatuna na lakwal, wato boko, bai fi wutsiyar akuya tsawo ba. Ko yau in na rubuta sunana, jikokina cewa suke yi kaza ce ta yi tono.

A Matameye, zamanin Nasara, mu biyu ne a gida, ni da kakata Iya Tabawa. Uwata ta rasu, ubana ya tafi cin rani Kano bai waiwayo ba. Da dogarai suka zo neman yaran lakwal, masu gata suka ɓoye nasu a rumbu, ni aka kama. Bayan magariba Iya kan hura wutar kara, ta binne gyaɗa a toka, ta yi mini tatsuniya ni kaɗai, tana kirana maigidanta marar wando.

Malaminmu, Mushe muke ce masa da Faransanci, saurayi ne daga can yamma, Hausarsa tsinta-tsinta. Ba mai kai masa kwanon baƙo, ba mai zama a tabarmarsa, wai shi ne mai raba yara da salla. Wata rana na gudu daga aji, ya biyo sawuna da bulala bayan magariba, ya tarar Iya ta fara tatsuniya. Ya tsaya a bakin danga har ya manta abin da ya kawo shi. Daga nan kullum sai ya zo, ya zauna ɗan nesa, ya yi dariya bayan mu mun gama tamu.

Ranar da ya ce ya nemi a mayar da shi garinsu, Iya ba ta roƙe shi ba. Ta iza wuta, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, mu buɗe mata ƙofa.

Wai wani gari ne ba maƙeri, sai Allah ya kawo musu baƙo gwani. Kowa ya kawo karyayyar fartanyarsa, ya aje, ya tafi. Ba wanda ya tsaya ya yi masa zuga. In ya kama zuga-zugi guduma ta zauna, in ya ɗauki guduma wuta ta mutu. Suka ce ashe ba gwani ba ne. Ya naɗe kayansa ya yi gaba, damina ta sauka, suka yi noma da farce.

Mushe ya tambaya, to laifin wa?

"Ɗan nan, ni tsohuwa ce," in ji Iya. "Zugata ba ta wuce ta gasa gyaɗa ba. Amma ka zo gobe."

Ya zo goben, ya zo jibin. Iya ta bi gida-gida tana roƙon a riƙa kai masa ko fura ce, aka ce tsufa ya taɓa ta. Kafin shuka ya tafi. Wanda ya gaje shi bai san da ni ba, ni ma ban tuna masa ba. Muka koma mu biyu, ana jin ƙarar kowace gyaɗa da aka ɓare.

Na tsufa ina zaton labarin maƙera ne. Sai bara aka tura jikata Hadiza koyarwa wani ƙauye bayan Dungu. Da ta zo hutu kowa tambayarta yake yi ko yaran sun iya karatu. Ni na ja ta gefe na tambaye ta wa ke zama da ita bayan magariba.

"Kishi kake yi, tsoho?" in ji ta. Can sai ta sunkuyar da kai. "Ba kowa. Sai rediyo."

Da hutu ya ƙare na ɗaure tabarmata a bayan ɗan kabu-kabu na bi ta. Ban iya haɗa baƙi ba, amma zama kam na iya shi.